Ralanti (gudun inji in mota na tsaye) ya ƙi sauka

Direba, Garwa: Assalamu alaikum. Corolla ce, ko injin ya yi zafi allurar gudun inji na kan 1,500 a tsaye. Ina zan fara?

Makanike, Marwa: Malam, da zafi 700 zuwa 800 ya kamata. Fara da tiyo na iska bayan totur. Inji na aiki, fesa maganin wanke kabureta kaɗan a mahaɗai. Inda ƙara ta canza, nan iska ke sata. Kiyaye salansa, maganin yana kamawa da wuta.

Mai wayarin, Kuseri: Ƙurar hunturu kan maƙale bawul ɗin ralanti. Kwance, wanke, sa sabon gasket. Duba wayar totur ma, ta ɗan yi sako-sako.

Makanike: Af, an cire tamostat, abin da ke tare ruwa sai injin ya yi zafi? Al'adarmu ce saboda zafi, amma ruwa ba ya kai digiri 80, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce.