Kotu ta sauke bashin, amma yana nan a rahoto

Ɗan uwa daga Bronx: Assalamu alaikum. Bara kotu ta sauke mini basussuka a ƙarƙashin Babi na 7 na dokar karayar arziki ta Amurka, amma da na je neman hayar gida makon jiya, sai mai gidan ya nuna mini rahoton bashina, inda wani tsohon katin banki yake nuna har yanzu ana bi na kuɗi. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan hali.

Hajiya daga Houston: Wa alaikumus salam, ƙanena, Allah ya kawo sauƙi. Ka fara karɓo rahotonka kyauta daga Equifax da Experian da TransUnion, wato kamfanonin da ke tattara tarihin bashin mutane, domin kowannensu da nasa kundin. Duk bashin da hukuncin ya shafa, sifili ya kamata a gani a gabansa. Lokacin da hakan ta same ni, wasiƙa na rubuta, na haɗa da kwafin hukuncin da jerin masu bin bashin da aka miƙa wa kotu, na zagaye layin bashin a rahoton da jan biro, sannan na aika wa kamfanonin ta gidan waya da rajista, kuma rasidin yana nan cikin jakar takarduna har gobe.

Malam daga Chicago: Hajiya ta yi gaskiya. Doka ta ba su kwana 30 su bincika, kuma abin da suka kasa tabbatarwa dole su gyara ko su goge shi. Ka aika wa bankin ma kwafi, tunda daga wurinsa bayanin yake fitowa. Sai dai kada ka wahalar da kanka kan shari'ar ita kanta, domin Babi na 7 yakan zauna a rahoto shekara 10 daga ranar shigar da takardu.

Ɗan uwa daga Bronx: Na gode. Wani kamfani ya kira ni, wai zai wanke komai idan na biya tun farko.

Hajiya daga Houston: Kada ka ba su ko sisi, ƙanena, domin doka ta hana irinsu karɓar kuɗi kafin su yi aikin. Idan wa'adin ya wuce shiru, ka kai ƙorafi hukumar CFPB, wato hukumar gwamnatin Amurka mai kare haƙƙin jama'a a harkokin kuɗi, ka kuma koma wurin lauyan da ya tsaya maka da rasidinka a hannu.