Neman shawara kan horon tseren dusar ƙanƙara ga mai shan inna

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawararku game da ƙanena, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu tun yana ƙarami. Muna zaune a Agege, yana atisayen ɗaga nauyi a filin wasa na Surulere, amma burinsa shi ne tseren sulu a kan dusar ƙanƙara a rukunin masu zama, inda ake ɗaure ɗan wasa a kujera bisa allon sulu guda ɗaya, yana karya kwana da gajerun sanduna biyu.

Inda muka cije shi ne rajista. Tun 2022 FIS, wato hukumar wasannin sulu a kan dusar ƙanƙara ta duniya, ce ke kula da wasan, kuma ba a shiga gasarta sai da lasisi ta hannun ƙungiyar ƙasa, sannan ƙwararru su gwada ɗan wasa ido da ido, su tantance ajinsa gwargwadon ƙarfin kugunsa. Mun rubuta wa wani ofishi, har yau shiru. Wace ƙofa ya kamata mu ƙwanƙwasa?

Sannan, dandalin ƙanƙara na cikin gini, irin na Dubai, zai wadatar don koyon farko? Wane atisaye kuma zai riƙa yi a nan Legas kafin Allah ya hore kuɗin tafiya?