Mai waya ya yafe, amma an ce shari'ar ba tasa ba ce. To ta wa ce?

Ummu Sadik, Aboabo

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya san kan kotu ya fahimtar da ni, don kaina ya ɗaure.

Ƙanena yana koyon gyaran lantarkin mota a Suame Magazin, unguwar gareji ta Kumasi. Bayan ƙaramar Sallah ya sayi waya a hannun wani yaro a wajen PZ, inda ake cinikin waya a Adum, sidi 900, ba rasit ba kwali. Ashe ta ƙwace ce: wasu biyu a kan babur suka tare mai ita da wuƙa da daddare. Aka bi sawun wayar har gareji, aka tafi da shi ranar Alhamis da yamma a gaban mastansa. Bai ga alƙali ba sai Litinin, shi kuma ya ce a mayar da shi hannun 'yan sanda, a dawo bayan mako biyu.

Mai wayar ya zo ya dube shi, ya ce ba ya cikin waɗanda suka tare shi. Kawunmu da limamin unguwa suka je har gida suka ba shi haƙuri. Mutumin kirki, ya ce tunda wayarsa ta fito shi ya yafe. Muka koma wurin mai binciken da murnarmu, sai ya ce mai waya ba shi da abin janyewa, maganar ta fi ƙarfinsa. Ko wayar ma ba a ba shi ba, wai shaida ce.

Sannan akwai wani da ke zama a ƙofar kotu, ya ce mu kawo sidi 2,000, yaron ya amsa laifi, a ci shi tara, ya kwana gida ranar. Mma ta ce mu sayar da keken ɗinkina mu ba shi. Ta daina cin abinci.

Idan wanda aka cuta ya yafe, me kotu take nema kuma? Kuma ya amsa laifin ko kada ya amsa?

Baba Tafinta, Asawase

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya kawo sauƙi, ki gaishe da Mma. Ni ba lauya ba ne, tafinta na yi a kotu har na yi ritaya, Hausa da Tuwi da Turanci. Abin da idona ya gani zan gaya miki.

Kafin komai, kada ki taɓa keken nan. Mutumin ƙofar kotu ba ya ba da beli, ba ya yanke tara. Sana'arsa ita ce ya tari wanda hankalinsa ya tashi. In yaron ya fito ya ce aikinsa ne, in bai fito ba ya ce kuɗin ne bai kai ba.

Mai binciken gaskiya ya gaya muku. Ki duba takardar tuhumar, ba za ki ga sunan mai waya a sama ba. Abin da aka rubuta shi ne Jamhuriya da wane. A shari'ar bashi ko ta fili, mutum da mutum ne, mai ƙara ya ga dama ya janye. A shari'ar laifi ƙasa ce mai ƙara, wanda aka cuta shaida ne kawai. Tsarin mulkin 1992, sashe na 88, ya damƙa duk wata tuhumar laifi a hannun Antoni Janar, kuma ɗan sandan da kika ga yana gabatar da ƙara da yawunsa yake magana. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da yafiyar mutum ɗaya tana kashe shari'a, da mai kuɗi ya saye ta, mai wuƙa kuma ya karɓe ta da barazana. Kuma waɗanda suka tare shi ba da shi kaɗai suke ba, gobe wani za su tare a Akwatia Line.

Akwai sulhu a dokarmu, amma da iyaka. Dokar kotuna ta 1993, sashe na 73, ta ba alƙali dama ya sasanta mutane a ƙananan laifuka, irin mari da cacar bakin da ta kai ga cin kwala. Sata da fashi sun wuce nan. Duk da haka zuwan da kawunku ya yi bai faɗi ƙasa banza ba. Maganar da mai wayar ya yi cewa ƙanenki ba ya cikin su, ita ce abu mafi tsada da kuke da shi. Ku roƙe shi ya rubuta ta a bayaninsa, ya kuma maimaita a gaban alƙali. Amma kada wanda ya kai masa ko sidi ɗaya, don za a ce kuna sayen shaida, belin ma ya lalace.

Yanzu batun amsa laifi. Kada ya amsa komai sai lauya ya karanta tuhumar. Ki nemo mini abin da aka rubuta: fashi ne, ko karɓar kayan sata? Fashi tun gyaran dokar 2003 mafi ƙarancinsa shekara 10, in da makami 15, kuma alƙali ko yana kuka ba zai iya sauka ƙasa da haka ba. Babu tara a ciki. Karɓar kayan sata kuwa, dokar laifuka ta 1960 ta ce hukuncinsa daidai da na wanda ya yi laifin, sai dai dole a nuna mutum ya san kayan na sata ne. Nan ne shari'ar ƙanenki take. In aka sami kayan a hannunka ka kasa ba da bayanin da ya gamsar da kotu, tana iya ɗauka ka sani. To nawa wayar take a kasuwa? In ta sidi 4,000 ce ya saya 900, za a tambaye shi me ya sa bai yi zargi ba. Ya tuno komai: lambar yaron, ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ya biya, wa yake tare da shi ranar.

Na sha fassara wa yaran zango kalmar nan guda ɗaya, na ga an rubuta, na ga an tafi da su. An ce musu in ka amsa alƙali zai tausaya. Wani ma bai san bambancin "eh, an same ta a hannuna" da "eh, na aikata" ba. Alƙalin kirki in ya ji bayanin ya ga akwai kariya a ciki, sai ya rubuta bai amsa ba. Amma ba kullum ake dacewa ba, ga fayil tsibi a gabansa. Yana da haƙƙin a yi masa tafinta kyauta. In Turancinsa na gareji ne, ya ce Hausa yake so, ba abin kunya ba ne.

Kwanan da ya yi daga Alhamis zuwa Litinin ma ba daidai ba ne. Awa 48 doka ta ba su, kuma a 2019 Kotun Ƙoli ta ce Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafi. Lauya Martin Kpebu ne ya kai ƙarar. Shi ne kuma ya kai ta 2016 wadda ta soke jerin laifukan da a da ba a ba da belinsu, har da fashi da kisa. Saboda haka duk wanda ya ce miki wannan ba shi da beli, zancen da ne. Alƙali zai duba ko yana da tsayayyen gida, ko zai gudu, ko zai taɓa shaidu. Ku shirya mutum biyu masu katin Gana da adireshi sananne, mastansa ya fi kowa dacewa. In wannan kotun ta hana, a tafi Babbar Kotu. In ba kuɗin lauya, ki je ofishin Legal Aid na nan Kumasi, masu ba marasa hali lauya, da sassafe, ki riƙe lambar shari'ar.

Abu ɗaya kuma: in an sa shi ya dangwala hannu a wata takarda a sel, ki tambaye shi wa yake wurin. Dokar shaida ta 1975 ba ta karɓar iƙirarin wanda yake tsare sai da wani shaida mai zaman kansa da yake jin yarensa.

Ɗan Magazin

Anti, ki ji maganar Baba. Ni na amsa, kuma na shiga gidan yari. Batirin mota ne nawa.

Abin da zan ƙara shi ne ku yi ta bibiya, kada ku bari sunansa ya kwanta. Masu jiran shari'a sun fi mu da aka yanke wa hukunci shan wuya, don mu mun san ranar fitarmu, har ana rage wa mutum kashi ɗaya cikin uku in bai yi rigima ba. Su kuwa mai bincikensu a yi masa canjin wurin aiki, takardar tsarewar ta ƙare ba wanda ya sabunta, shi ke nan an manta da su. Na tarar da wanda ya daɗe yana jira fiye da abin da za a ɗaure shi da ya yi laifin. Sai ranar da alƙalan Justice for All, shirin duba maganar masu jiran shari'a, suka shigo suka zauna a cikin gidan aka sake shi. Tun 2007 ake wannan shirin, kuma har yau bai rasa aikin yi ba.

Maganar wai ana gyara hali, ni dai ban gani ba. Akwai wurin koyon kafinta da ɗinki, amma mutum nawa zai ɗauka? An yi shekara da shekaru kuɗin abincin fursuna yana sidi 1.80 a rana. Ɗaki ɗaya da ɓarawon akuya da wanda ya yi fashi a hanyar Techiman, wa zai koya wa wa? Na fito, na nemi aikin direba, aka ce in kawo takardar shaidar 'yan sanda, zancen ya mutu a nan. Wannan tabon ne mutumin ƙofar kotu bai gaya muku ba. Ko tarar ce aka ci shi, sunansa ya shiga littafi.

Hajiya Mai Atamfa, Kejetia

Ummu Sadik, Allah ya fitar da yaro. Amma ku bar ni in faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba.

An fizge mini jaka a Alabar da cinikin yini a ciki, har na faɗi na gurɗe kafaɗa. Ba wanda aka kama. Masu fizgen nan ba cin wayar suke yi ba, sayarwa suke, kuma yaranmu ne suke saye suna murna sun yi arha. Duk wanda ya ba ka wayar dubu huɗu a ɗari tara a bakin titi, zuciyarka ta gaya maka wani abu. Don haka ni ban ga laifin doka da ta kama mai saye ba. In ba rami, me ya kawo zancen rami?

Kuma duk lalacewar kotu ta fi abin da muke yi da hannunmu. Da a kasuwa aka yi wa ƙanenki ihun ɓarawo da wayar nan a aljihunsa, wa zai tsaya ya ji PZ? Manjo Maxwell Mahama soja ne, a 2017 mutanen Denkyira Obuasi suka ce ɗan fashi ne suka kashe shi da duwatsu. Sai 2024 aka gama shari'ar, 12 suka samu ɗaurin rai da rai, biyu aka sallame su. Kowa ya yi ta ƙorafin jinkiri, har da ni. Amma waɗannan biyun, da irin shari'ar da aka yi wa Manjo aka yi musu, da suna ina?

Baba Tafinta, Asawase

Hajiya, ban ƙi taki ba, sai dai a ƙara da cewa ba taron kasuwa kaɗai ke yanke hukunci kafin alƙali ba. Mu mutanen Asawase ba mu manta 2018 ba, da 'yan sanda suka harbe matasanmu bakwai a yankin Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, kwamitin bincike ya zo bai sami hujjar haka ba, gwamnati ta biya iyalansu diyya. Shi ya sa nake matsa wa 'yata a kan awa 48 da tafinta da shaidan iƙirari. Mutane suna ganinsu kamar hanyar da ɓarawo ke zillewa. Ni da na zauna a ciki, yawancin waɗanda na ga sun amfana da su talakawa ne da ba su da kowa.

Ɗan Magazin, a takarda an ce ana ɗaure mutum don ya ɗanɗana abin da ya yi, wasu su tsorata, a kare jama'a, a kuma gyara shi. Ukun farko katanga da makulli sun isa. Na huɗun ne yake cin kuɗi, shi ya sa kullum shi ake bari a baya.

Na manta ban faɗa ba: tun 2022 akwai dokar da ta halatta a yi ciniki da mai gabatar da ƙara, mutum ya amsa ƙaramin laifi a sassauta masa, wanda aka cuta ma a ji ta bakinsa. A rubuce ake yi, a kai gaban alƙali, kuma fashi ba ya ciki. Wannan shawara ce tsakanin yaro da lauyansa bayan sun ga shaidun da ake da su, don tun 2018 wajibi ne a ba wanda ake tuhuma kwafin duk abin da za a kawo a kansa.

Ummu Sadik, Aboabo

Na gode Baba, na gode Hajiya, taki ta yi zafi amma na karanta wa Mma ita ma. Na samo takardar: karɓar kayan sata aka rubuta, ba fashi ba. Kuma ta MoMo ya biya, sunan wanda ya karɓi kuɗin yana nan a saƙon, sai dai layin a kashe yake. Mastansa ya yarda zai tsaya masa, muna neman na biyu, don kawu ba shi da takardar gida. Mutumin ƙofar kotu ya kira ya ce ya rage zuwa 1,500, ban ɗauka ba da ya sake kira.

Baba, saƙon MoMo ɗin, mai binciken zan kai wa ko in jira sai mun ga lauya? A tsohuwar wayarsa yake, kuma ina tsoron ita ma a ce shaida ce a riƙe.