Waɗanda suka je awon lafiya ba ciwo ne ya kai su ba, ku ba mu labari

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina son jin labarin duk wanda ya taɓa zuwa asibiti da ƙafarsa, ba ciwo ba komai, don kawai a duba shi. Me ya kai ka? In kuma ka taɓa shawo kan wani babba a gida har ya je, ta yaya? Abin da ke damuna shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba.

Wani direba: Wa alaikumus salam. Ni wajen aiki ne suka ce sai mun kawo takardar lafiya. Nas ta ce in zauna in huta minti 5, sannan ta ɗaura mini abin awo a damtse, ya matse ya saki. Ta dubi lambar, ta kwance ta mayar ɗaya hannun. 160 bisa 100. Na ce mata ni ko ciwon kai ba na yi. Ta ce ai haka hawan jini yake, ba ya sallama, wani sai ɓarin jikinsa ya shanye ake ganewa. Ba ta yanke hukunci a ranar ba, ta ce in dawo, don sai an samu 140 bisa 90 ko sama da haka a ranaku biyu daban-daban. Na koma, haka aka samu. Yanzu ina kan magani.

Wata uwa: Maigidana kullum maganarsa ɗaya ce: "Kada a je a tono wa mutum ciwon da ke kwance." Na yi magiya har na gaji. Sai na daina, na ce ni ce zan je gwajin sukari, ya raka ni. Da ya ga ɗan tsira yatsa ne kawai, sai ya miƙa nasa, don shi ma bai karya ba. Nawa lafiya, nasa 112. Likita ya ce bai kai 126 da ake kira ciwon sukari ba, amma yana kan hanya, kuma a wannan matakin rage ƙiba da motsa jiki suna iya tsayar da shi. Tsoro ne ke hana mutanenmu, ba taurin kai ba. Ku riƙa raka su.

Wani matashi: Ni ba a same ni da komai ba. Gwajin ciwon hanta nau'in B ya nuna ba ni da shi, aka yi mini allurar riga-kafi guda 3 a lokuta daban-daban.

Ma'aikaciyar jinya: 'Yan'uwa mata, kunya ce ke cinmu a kan gwajin bakin mahaifa. Ƙwayar cutar HPV, mai jawo sankarar bakin mahaifa, takan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta haifar da sankarar, kuma duk tsawon lokacin nan mace ba ta jin komai, alhali a lokacin ne maganin yake da sauƙi. Daga shekara 30 ake so a fara, mai ɗauke da HIV kuma daga 25. Kina da damar cewa mace kike so ta duba ki.

Wani magidanci: Hajiya, ki yi haƙuri, amma ku ma da naku laifin. Da ƙyar na kai mahaifina, muka wuni a layi, aka miƙo mana takarda cike da lambobi, ba wanda ya ce mana uffan. Tun daga ranar ya ce ba zai sake zuwa ba, kuma na rasa bakin ba shi haƙuri.

Ma'aikaciyar jinya: Gaskiyarka Malam, wannan bai kamata ba, kuma yana faruwa. Takardar tana nan? Ka fara komawa da ita kai kaɗai, kada ka tashi sai an faɗa maka wace lamba ce ta fita daga ƙa'ida, me za a yi, kuma yaushe Baba zai dawo. In ka zo masa da bayani a hannu, zai fi saurarenka.