Gawayin gona zai iya maye gurbin yuriya?

Mai Noman Rani: Assalamu alaikum jama'a. Ina nan a kan bakana: wanda ya zuba gawayin gona a ƙasarsa ya yi sallama da yuriya. Ina nufin gawayin da ake yi da kara ko totuwa ko buntun shinkafa, a turara shi a rufe yadda iska ba za ta shiga sosai ba, a daka, a cakuɗa da ƙasa. Hujjata ita ce baƙar ƙasar nan ta dajin Amazon a Barazil da ake kira terra preta. Waɗanda suka yi ta sun shuɗe da ɗaruruwan shekaru, amma har gobe ta fi ƙasar da ke kewaye da ita albarka nesa ba kusa ba. Wa ya ba su takin zamani?

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Alhaji, a dai bi a hankali. Ƙasar nan da kake kafa hujja da ita, wadda masanin ƙasa Wim Sombroek ɗan Holan ya yi bayaninta a 1966, ba gawayi kaɗai ke cikinta ba. Akwai ƙasusuwa, ƙayar kifi, toka, fasassun tukwane da sharar gida da aka yi shekaru aru-aru ana tarawa. Shi kansa gawayin itace, naitirojin ɗin da ke jikinsa, wato sinadarin da ake zuba yuriya dominsa, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ita kuwa yuriya kashi 46 gare ta. Wutar da ake yin sa da ita tana kaiwa digiri 300 zuwa 700, wani sashe na naitirojin ya bi hayaƙi, ragowar kuma ya ƙulle cikin gawayin yadda saiwa ba ta iya zuƙa. Rumbu ne gawayi, sai ka zuba masa kake ɗiba.

Baba Manomi: Gaya masa dai, Malam. Na taɓa zuba garin gawayi sabo fil a gefe guda na masara ban haɗa da komai ba. Yabanya ta fito lafiya, can sai rawaya ta faro daga tsinin ganyen ƙasa, ta bi jijiyar tsakiya, kara ya sirance. Kunyar da ke maƙwabtaka da ita kore shar. Wanda ya san yunwar taki a jikin masara ba sai an yi masa bayani ba.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa: Baba, abin da ka gani sananne ne. Sabon gawayi yana zuwa da ɗan kabon mai saurin ruɓewa. Ƙananan halittun cikin ƙasa su yi caa a kansa su hayayyafa, kuma ba za su gina jikinsu ba sai da naitirojin, sai su wawashe wanda ke ƙasar kafin shuka ta kai gare shi. Yana dawowa idan sun mutu, amma kafin nan yabanya ta sha wuya. A 2015 Claudia Kammann da abokan aikinta a Jamus sun gwada a tukwanen shuka da ƙasa mai rairayi: gawayin da ba a yi masa komai ba ya rage girman shuka zuwa kashi 60 cikin 100 na wadda ba a zuba wa ba, wanda aka ruɓar tare da takin gargajiya kuwa ya riɓanya girmanta kusan sau uku.

Mai Noman Rani: To ai kin ƙara min ƙarfi ne, 'yata. Ga kuma gwajin da aka yi a Kolombiya: an zuba gawayi tan 20 a hekta sau ɗaya tak, a shekara ta huɗu amfanin masara ya ƙaru da kashi 140 cikin 100. Wane takin ne za ka zuba sau ɗaya ya ci gaba da yi maka aiki haka?

Malamin Gona: Wannan binciken Julie Major ne da Johannes Lehmann na Jami'ar Cornell da sauransu, an buga shi a 2010. Amma Alhaji ka tsallake wurin da bai yi maka daɗi ba. A shekarar farko babu wani ƙari, ta biyu kashi 28, ta uku kashi 30. Sannan duk filayen gwajin ana ba su takin zamani, da mai gawayi da marar gawayi. Masu binciken ma sun danganta ƙarin da samuwar kalsiyam da maganiziyam a ƙasa mai tsami, wadda ruwa ya wanke. Babu inda aka janye taki aka bar gawayi shi kaɗai.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa: Tsamin ƙasar nan shi ne gaɓar da ake yawan mantawa. Simon Jeffery da abokansa sun tattara gwaje-gwaje masu yawa a 2011, suka ga matsakaicin ƙarin amfani kashi 10 ne cikin 100, wani wuri ya hau da kashi 39, wani ya faɗi da kashi 28. A 2017 suka sake zama da bayanai masu yawa: a yankuna masu zafi ƙarin ya kai kusan kashi 25, a yankuna masu sanyi kusan babu komai. Yawancin gawayi na ɗauke da toka mai kashe tsami, a ƙasa mai tsami sai ya rage gubar alminiyam da ke hana saiwa miƙewa. Inda ƙasa dama take da kanwa, ƙara mata gawayi sannan a watsa yuriya a sama a bar ta ba rufi na iya sa naitirojin ya tashi iska.

Malamin Gona: Haka ne. Inda nake ba Alhaji gaskiya shi ne riƙo. Gawayi duk ƙofofi ne ƙanana, yana kama takin da ruwan sama zai wanke ya yi ƙasa da shi.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa: Malam, a yi mini afuwa, nan ma da sauran magana. Naitirojin da shuka ke zuƙa iri biyu ne, amoniyam da naitiret. Amoniyam yana mannewa a jikin gawayi, musamman wanda ya kwana biyu a ƙasa. Naitiret kuwa, wanda shi ruwa ya fi tafiya da shi, bai cika mannewa ba, domin cajinsa na lantarki iri ɗaya ne da na bangon gawayin, sai su ture juna. Tattara binciken da Nils Borchard ya jagoranta a 2019 ya nuna wankewar naitiret ta ragu da kashi 13 kacal a matsakaici. Riba ce, amma ba ta isa a jingine buhun yuriya ba.

Mai Kiwon Kaji: Ni tambaya ce da ni, Malam. Ina barbaɗa garin gawayi a shimfiɗar kaji, wari ya ragu sosai, in aka kwashe sai gona. Wani ya ce in riƙa ƙona kashin kajin kansa ya zama gawayi, wai ya fi ƙarfi.

Malamin Gona: Hajiya, kada ki soma. Gawayin kashin kaji ya fi na itace fosfaras da fotashiyam, gaskiya ne, amma naitirojin mai yawa zai bi wuta. Abin da kike yi yanzu shi ne daidai, gawayin yana shan taki tun kafin ya isa ƙasa.

Baba Manomi: Ku bar ni da lissafi mai sauƙi. Kara busasshe in ka turara, kusan kashi ɗaya cikin uku ko huɗu ne yake zama gawayi. Tan 20 ɗin Alhaji na nufin tan 60 zuwa 80 na kara a hekta guda. A ina za a samo shi, kuma me za a bar wa ƙasa ya rufe ta?

Mai Noman Rani: Baba, ba dole sai an shimfiɗe gona duka ba, ana iya zubawa kaɗan a ramin shuka. Ni dai ban sauka ba tukuna. Zan raba fili huɗu: ɗaya babu komai, ɗaya gawayi zalla, ɗaya yuriya zalla, ɗaya a haɗa. In na gawayi zalla ya kamo na yuriya, Malam sai ka zo nan ka faɗa da bakinka.

Malamin Gona: Na yarda, da sharaɗin a ɗora girbin a sikeli, kuma a maimaita a wurin nan shekara mai zuwa.

Ɗalibar Kimiyyar Ƙasa: A kuma auna tsamin ƙasar kafin a zuba komai, Alhaji. In ba haka ba, ko an samu ƙari za mu dawo muna gardamar tokar ce ta kawo shi ko naitirojin.