Kwamfutata tana ƙara kamar jirgi kuma tana kashe kanta, wai ƙura ce? Ya ake sharewa?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar. Ina da kwamfuta ta tebur da nake haɗa bidiyo da ita, yanzu shekararta 3 a hannuna kuma tunda aka haɗa min ita ko sau ɗaya ban taɓa buɗe murfinta ba, gaskiya tsoro nake ji kar in taɓa wani abu in jawo wa kaina. Toh kusan wata 2 kenan ta tsiro da wani hali, idan na kunna ta lafiya lau, amma da na fara fitar da bidiyo sai fankokin su ɗau ƙara kamar jirgi zai tashi, aikin da a da take gamawa cikin minti 10 yanzu sai ta ja kusan 20, jiya kuma ana tsakiyar aiki kawai ɗif ta mutu, babu saƙo babu komai, sai da na bari ta huce sannan ta yarda ta tashi. Na haska tocila ta ragar gaba na ga ƙura ta yi kauri kamar bargo.

Yayana yace in ɗauko injin zuƙe ƙura na gida in zuƙe, abokina kuma yace a'a na'urar busar da gashi zan sa in hure, ni na rasa na wa zan ɗauka. Shin ƙura kaɗai zata iya sa kwamfuta ta riƙa mutuwa haka ko wani abu ne ya fara lalacewa? In ƙura ce ya ake sharewa, kuma duk bayan wata nawa ya kamata a riƙa yi? Nagode.

Baba_Mai_Sukundireba:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, abin da ka lissafa duk alamun zafi ne, kuma shekara 3 ba a buɗe ba ai ba sai an yi dogon bincike ba. Amma kafin ka taɓa komai ka fara aunawa. Ka saukar da manhajar auna zafi, HWMonitor ko Core Temp, ka duba zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, lokacin da ba ta komai, sannan ka saka ta fitar da bidiyon nan ka sake dubawa, ka rubuta lambobin biyu a takarda. Idan tana zaune ba aiki ana sa ran ganin digiri 30 da wani abu zuwa 50. Yawancin firosesocin Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne, na AMD da yawa wajen 90 zuwa 95, kuma da ta kusa kai wannan iyakar sai ta rage wa kanta gudu da gangan don ta sauke zafi, shi ne dalilin da minti 10 ɗinka ya koma 20. Idan rage gudun bai isa ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya don kar ta ƙone. Wato mutuwar da ta yi jiya kare kanta ta yi.

Yanzu shara. Ka kashe ta, ka kashe makunnin da ke bayan fawa fak, wato ɗan akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta, in yana da shi, ka zare wayar daga bango, sai ka danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar sakan 10 don sauran wutar da ta rage a ciki ta fita. Ka fitar da ita waje inda iska ke kaɗawa, ka rufe hancinka da takunkumi, domin abin da zai tashi daga ciki idan ka yi a ɗaki to a kan gadonka zai sauka kuma gobe ta sake zuƙe shi. Kafin ka sa hannu ciki ka taɓa ƙarfen akwatin don lantarkin da ya taru a jikinka ya sauka, kuma ka riƙa taɓawa lokaci lokaci.

Abin hurawa, ko dai gwangwanin iska irin na goge kayan lantarki ko kuma ƙaramar bulowa. In gwangwani ne ka riƙe shi a tsaye, ka riƙa dannawa kaɗan kaɗan fus fus, kar ka danne ka riƙe kuma kar ka karkata shi. Abin da ke ciki gas ne da aka matse ya zama ruwa, in ka juya shi ruwan ne zai fito, sanyinsa na iya ƙona fata, kuma irin da aka fi sayarwa yana kama wuta, saboda haka nesa da duk wani abu mai ci.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe fiye da komai: duk fankar da zaka hura ka danne ta da yatsa ko ka sa tsinke ka tokare ta kar ta juya. Yara suna jin daɗin jin tana wuuu idan iska ta buge ta, amma gudun da take yi a lokacin ya wuce wanda aka ƙera ta don shi, boris ɗinta ke cin wuya, bayan sati ka ji ta fara ƙarar gar gar ka rasa daga ina.

Kuma ƙurar da ka gani a gaba ba ita ce babbar matsalar ba. Mai kashe kwamfuta tana ɓoye ne tsakanin fankar firosesa da siraran ƙarafan nan masu kama da haƙoran mataji da ke bayanta, a nan take daskarewa ta toshe hanyar iska, fanka na ta juyi amma iska bata ratsawa. Ka cire fankar kaɗai in tana ciruwa, yawanci ƴan maƙalai ne ko sukuru 4, zaka ga ƙurar ta tashi a haɗe kamar tsumma, ka ɗage ta da hannu sannan ka bi da burushi mai laushi ka hure sauran. Haka zaka yi wa girafik kad, wato allon da ke sarrafa hoto. Fawa fak kuwa ta waje kawai zaka hura, kar ka kuskura ka kwance shi, akwai kafasito a ciki da ke riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an zare waya.

Na'urar busar da gashi ka barta, iskarta bata da ƙarfin da zai ɓamɓare ƙurar da ta daskare ga zafi a kai. Baki ma kar ka hura da shi, yawu ke bi.

Ummu_Yasmin:

Malam ya gama magana, ni dai labarina zan baka don kar ka maimaita. Tawa laftof ce, kuma ni mai aiki a kan gado ce, in ɗora ta a kan bargo in yi ta rubutu har ƙasanta ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Wata rana na ce bari in yi dabara, na samo gwangwanin iska na sa bakinsa a ramin da zafi ke fita na feshe da ƙarfi. Ashe duk abin da na yi tura dunƙulen ƙurar na yi baya ya faɗa cikin fankar. Ina kunnawa ta yi wani kar kar sau biyu ta tsaya cak, allon ya nuna saƙon cewa fanka bata aiki. Ranar har hawaye na yi don aikina duk yana ciki.

Da aka buɗe ƙasanta a gabana na ga abin da idona, wani dogon dunƙule launin toka kamar guntun auduga, da zaren bargo da gashi duk a cakuɗe, tsawonsa daidai da faɗin ramin iskar, da ɗan hantsaki aka zaro shi ɗungurungum. Daga ranar na koyi buɗewa da kaina. Ga masu laftof, ku cire murfin ƙasa, abu na farko ku zare wayar batir daga allon kafin komai, kuma sukurorin ba duka tsawonsu ɗaya ba, ni takarda nake shimfiɗawa in zana laftof ɗin in ajiye kowane sukuru a gurbinsa, don in ka ɗaura dogo a wurin gajere zai iya huda wani abu. In ka ga batirin ya kumbura kuwa ka tsaya nan, wannan ba maganar ƙura ba ce, canji yake so. In kuma har yanzu tana cikin garanti ka fara karanta sharuɗɗan kafin ka kwance.

Gogan_Gem:

Baba da girmanka amma ni dai ina ganin ana zuzuta maganar injin zuƙe ƙuran nan wlh. Na fi shekara 5 ina amfani da shi kuma ba abin da ya taɓa samun kwamfutata. Hurawa ma ai tada ƙura kake yi ta koma wani lungu, zuƙewa kuwa ta tafi kenan. Kuma ni shawarata tunda ta kai shekara 3 kawai ya cire ƙarfen sanyayar gaba ɗaya ya canja tamal fes, man nan da ake sawa tsakanin firosesa da ƙarfen, in ba haka ba aikin rabi ya yi.

Baba_Mai_Sukundireba:

Gogan_Gem ɗana, shekara 5 lafiya Allah ya ƙara kiyayewa, amma wanda ya tsallake rijiya da baya ba zai ce wa na bayansa ya gwada ba. Matsalar injin zuƙa biyu ce. Iska mai ƙura da ke gudu cikin bututun roba tana tara irin lantarkin nan da ke ɗan tsikarinka idan ka taɓa hannun ƙofa, mutum baya ma jin tsikarin sai ya kai wajen bolt 3,000, alhali wasu ƙananan kayan da ke kan madabod, wato babban allon kwamfutar, ƙasa da bolt 100 ma na iya illata su, kuma ba lallai ta mutu nan take ba, sai dai ta fara wasu halaye marasa kan gado daga baya. Na biyu, don injin ya ja ƙura sai ka kai bakinsa dab da allon, hannu ya ɗan goce ka ɓalle wani ɗan mitsitsin abu, injin ya haɗiye shi baka ma sani ba. A ragar gaba da filta da ƙasan akwatin da babu komai, bismillah zuƙe, ni ma ina yi. Ko ka riƙe shi daga gefe yana kama wadda ka huro ta tashi. A kan allo dai a'a. Haka kwamfaresa irin ta hura taya, tana tara ruwa a tanki wani lokaci har da mai, in ba ta da matatar ruwa feshi zaka yi wa madabod.

Maganar tamal fes kana da gaskiya rabi. Man yana bushewa da shekaru, amma mutumin da bai taɓa buɗe kwamfuta ba bana so ranar farko ya fara da nan. Ya share tukuna ya sake aunawa, in zafin ya sauka shikenan, in bai sauka ba sai a zo kan man. Dokar dai ita ce duk ranar da ka ɗaga ƙarfen daga kan firosesa dole ka goge tsohon man ka sa sabo, ba a mayarwa haka. Ana gogewa da aisofurofil, wato ruwan sinadarin goge kayan lantarki, mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama da ƙyalle mara gashi, a bari ya bushe, a ɗiga ɗan ɗigo ɗaya a tsakiya, matsin ƙarfen zai baza shi. Masu AMD mai soket AM4, wato irin gurbin da firosesar ke zama, ku kula, in man ya bushe ya manne kuka fizgo kai tsaye, firosesar na biyo ƙarfen ta fito daga soket ƙafafunta su lanƙwashe. A bar kwamfutar ta yi aiki ta ɗan ɗumama, a kashe, sannan a murɗa ƙarfen a hankali hagu da dama har ya saki.

Na manta ban amsa tambayar lokaci ba. Babu adadi ɗaya na kowa, wurin da take zaune ne ke faɗa. Galibi duk wata 3 zuwa 6 a buɗe a duba, filta kuma duk wata a ciro a kakkaɓe, in an wanke ta da ruwa sai ta bushe ƙarau kafin a mayar. Mai kyanwa a ɗaki ko wanda ake shan taba kusa da kwamfutarsa zai fi yawan yi, ta taba ma ta fi muni don ƙurar danƙo take yi launin ƙasa, iska bata ɗaga ta sai an goge. A ɗauke ta daga ƙasa musamman kan kafet a ɗora kan tebur. Sannan a duba fankokin akwatin, in masu shigo da iska ta cikin filta sun ɗan fi masu fitarwa, iska zata riƙa fita ta ƙananan ramuka, in kuwa masu fitarwa suka fi yawa to ta kowace kafa da babu filta ƙura zata riƙa shigowa.

Sabon_Shiga:

Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Baba kamar kana wurin wlh. Kafin shara tana zaune digiri 58, ina saka bidiyo ta haura 99 ta tsaya nan. Na fitar da ita waje na bi yadda kace, da na cire fankar firosesa abin da na ɗago a bayanta har da shatin ƙarafan a jikinsa, sai da na kira yayana ya gani, shi da yace injin zuƙa yayi shiru kawai yana kallo.

Amma fa na sha tsoro, da na gama na haɗa na kunna sai ta tsaya a baƙin allo ta rubuta min matsalar fankar firosesa, gabana ya faɗi nace shikenan na kashe ta. Na sake buɗewa ashe ƴar wayar fankar ce na manta ban mayar ba, tana nan tana lilo. Na soka ta a gurbinta ta tashi garau. Yanzu tana zaune 37, a kan aiki bata wuce 76 ba, bidiyon da ya kashe ta jiya ta gama shi cikin minti 11, kuma sai na kasa kunne nake jin fankar. Tamal fes na barshi tukuna. Tambaya ɗaya ta rage Baba, fankar baya ɗaya tana ɗan kaɗa kai idan tana juyawa kuma in na taɓa ta da yatsa tana motsi gaba da baya, a ɗiga mata mai ko a canja?

Baba_Mai_Sukundireba:

Madalla ƙanena, 76 lafiya lau ne, bar man nan ya huta. Fankar kuwa boris ɗinta ya gaji, mai zai rufe mata baki na ɗan lokaci ne kawai ta dawo. Canja ta. Ka auna faɗinta, yawanci ta baya milimita 120 ce, ka ƙirga ramukan kan wayar 3 ne ko 4, kuma wajen ɗaurawa ka duba ƴar kibiyar da ke gefenta, in babu kibiya to ɓangaren da ke da sandunan da suka riƙe motar nan iska ke fita, shi zai kalli waje.