Tambaya: 5600G ba tare da katin hoto ba, ko 5600 tare da RX 6600?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum. Ina so in haɗa kwamfutar wasa da hannuna a karo na farko, kuma kuɗin da na tanada ba su da yawa. Monitar da nake da ita 1080p ce (ma'aunin kaifin hoton allo), ba ni da niyyar sauya ta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ko dai in sayi firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600G, wadda ke da nata sashen hoto a ciki, in jinkirta sayen kati, ko kuwa in matsa wa kaina in ɗauki Ryzen 5 5600 da katin Radeon RX 6600, ko da zan rage a wajen na'urar rarraba wuta da RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi).

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Idan wasa ne babban burinka, to katin hoto ne ya cancanci kaso mafi tsoka, domin shi ke ɗaukar nauyin zana abin da kake gani. Sunayen firosesocin biyu sun yi kama, amma ba ɗaya suke ba: 5600G tana da ma'ajiyar L3 (ƙaramar ma'ajiya mai sauri a cikin firosesa) mai megabayit 16 ne kawai, 5600 kuwa 32 gare ta, sannan 5600G ta tsaya a PCIe 3.0 (PCIe ita ce hanyar da kati ke sadarwa da firosesa) alhali 5600 tana kaiwa 4.0 a kan madabod (babban allon da ake haɗa dukkan kayan a kai) samfurin B550. Ke nan idan ka ɗauki 5600G, ranar da ka sayi kati daga baya, za ka zauna da firosesar da ta fi rauni a wasa. RX 6600, mai gigabayit 8, ya wadatar a 1080p, kuma wat 132 kawai yake ja. Ka guji RX 6500 XT duk da arharsa, saboda gigabayit 4 gare shi da layukan PCIe huɗu kacal.

Amma maganar rage kuɗi a wajen wuta, a nan ban goyi bayanka ba. Na taɓa sayen wata na'urar rarraba wuta marar suna da aka rubuta wat 600 a jikinta, da na ɗaga ta sai na ji ta sakayau kamar fankon gwangwani. Wata uku ba su cika ba ta fara kashe kwamfutar da zarar wasa ya yi nauyi. Ka nemi mai wat 550 daga kamfanin da ke ba da garanti na shekaru, kuma ka sani cewa tambarin 80 Plus yana auna rashin ɓarnar wuta ne, ba ingancin kayan ciki ba.

Mai Gyara:
Ƙari kaɗan game da RAM. Ka sayi sanduna biyu masu gigabayit 8 na DDR4-3200 maimakon guda ɗaya mai 16, ka sa su a rami na biyu da na huɗu daga wajen firosesa, sannan ka kunna XMP (saitin da ke ba RAM cikakken saurinsa) a cikin BIOS (manhajar saitin madabod), in ba haka ba za su yi aiki ƙasa da saurin da ka biya. Fankar da ke zuwa a kwalin 5600 ta isa.

Sabon Shiga:
Na gode ƙwarai. Idan na ɗauki madabod B450 don in rage kuɗi fa?

Mai Gyara:
Zai yi aiki, sai dai PCIe 3.0 za ka samu, kuma ka tabbatar an sabunta BIOS ɗinsa kafin ka biya, domin tsohon BIOS ba ya gane jerin Ryzen 5000.